Motocin alfarma: Yadda farashi da garanti da kayan jiki suka bambanta tsakanin Kano da Kwatano da Maraɗi

Ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati ɗan asalin Gaya ko Ajingi da ya tara kuɗin sayen motar alfarma, yakan tarar da farashi uku a kan mota iri ɗaya. Akwai na wakilin kamfani a Legas ko Abuja, akwai na dillalan birnin Kano, sannan akwai wanda ake raɗa masa cewa za a samo masa daga Kwatano ko Maraɗi. Tazarar da ke tsakaninsu takan kai miliyoyin naira, alhali suna da launi da shekarar ƙira duk ɗaya ne a ido.

Abubuwa huɗu ne ke haifar da wannan tazara: harajin da kowace ƙasa ke ɗorawa, darajar kuɗinta a gaban dala, garantin da ke biye da motar, da kuma kasuwar da aka ƙera motar dominta tun asali. Wanda bai auna su ba kafin ya biya, yana iya wayar gari da motar da kamfani ba zai karɓi gyaranta ba, ko wadda jami'an Kwastam za su ƙwace a kan hanya.

Hanyoyin da mota ke bi kafin ta iso Kano

Hanya ta farko ita ce ta wakilan kamfanoni. Toyota Nigeria Limited ya daɗe yana rarraba motocin Toyota a ƙasar nan, daga baya kamfanin CFAO ya zama wakili na biyu. Weststar Associates ke wakiltar Mercedes-Benz, Coscharis Motors kuma na riƙe da BMW da Jaguar Land Rover. A Jamhuriyar Benin da Nijar, CFAO ne ke sayar da sababbin Toyota. Motar da ta fito ta wannan hanya sabuwa ce fil, kuma ita ce mafi tsada.

Hanya ta biyu ita ce ta dillalai masu zaman kansu, waɗanda ke sayo sababbin motoci daga Dubai, ko waɗanda aka hau daga Amurka da Kanada da Turai, su sauke su a tashoshin jiragen ruwa na Legas. Waɗanda aka hau ɗin su ake kira tokumbo ko Beljiyam. Sunan na biyu ya samo asali ne daga unguwar Heyvaert da ke birnin Brussels da tashar ruwa ta Antwerp, inda aka daɗe ana loda tsofaffin motocin Turai zuwa Afirka ta Yamma. Rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin da aka hau miliyan 14 daga 2015 zuwa 2018, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo.

Hanya ta uku ita ce ta tudu. A sauke mota a Kwatano, a tuƙo ta zuwa Paraku da Malanbil, a haye gadar Kogin Kwara zuwa Gaya ta Jamhuriyar Nijar, wadda ke yankin Dosso, takwarar Gayar Kano a suna kawai. Daga nan sai Ƙonni da Maraɗi, a ɓullo ta wajen Jibiya, ko a zarce yankin Damagaram a shigo ta Kongolam ko Maigatari. Wannan hanya ce ta sa sunan Kwatano ya zama tamkar sunan tsohuwar mota mai kyau a bakin Hausawa.

Haraji: Uwa uba a cikin farashi

Najeriya ta daɗe tana tsananta haraji a kan mota, da nufin kare masana'antun cikin gida irin su Peugeot na Kaduna da Innoson na Nnewi. A ƙarshen 2013 gwamnatin Goodluck Jonathan ta fito da tsarin bunƙasa harhaɗa motoci, wanda ya ɗora kuɗin fito kashi 35 da ƙarin haraji kashi 35, jimilla kashi 70 a kan motar da aka shigo da ita a haɗe. Dokar Kuɗi ta 2020 ta zaftare ƙarin harajin zuwa kashi 5. A watan Afrilun 2022 kuma Hukumar Kwastam ta koma kan sabon jadawalin bai-ɗaya na ECOWAS, inda kuɗin fito ya zama kashi 20, aka ɗora harajin bunƙasa masana'antar motoci kashi 15 a kan waɗanda aka hau, kashi 20 a kan sababbi. A saman duk wannan akwai harajin VAT na kashi 7.5 da ya fara aiki a Fabrairun 2020.

Ga misali bisa tsarin 2022. A ce Kwastam ta ƙiyasta motar da aka hau a kan dala 30,000, har da kuɗin dako da inshora. Kuɗin fito zai kama dala 6,000, harajin masana'antu dala 4,500, VAT kuma a kan jimillar ya haura dala 3,000 kaɗan. Ke nan wajen dala 13,500, kusan kashi 45 na darajar motar, kafin a zo kan ƙananan caje-caje da kuɗin tasha da na wakilin fito da na ɗauko ta zuwa Kano. Waɗannan ƙididdiga sukan sauya da sanarwar Ma'aikatar Kuɗi, don haka mai saye ya nemi wadda ake aiki da ita a ranar da zai biya.

Tun 2022 Kwastam ke fitar da darajar mota ta hanyar lambar shasinta a kwamfuta, maimakon ciniki tsakanin jami'i da wakilin fito. Haka nan doka ta taƙaita shekarun motar da za a shigo da ita zuwa 12 daga shekarar ƙira.

Benin da Nijar su ma suna da nasu harajin. Jadawalin ECOWAS da aka fara a 2015 yana da matakai biyar, wato kashi 0 da 5 da 10 da 20 da 35, sannan VAT a Benin kashi 18 ne, a Nijar kashi 19. Wanda zai hau mota a Kwatano ko Yamai ba kyauta yake samunta ba. Arahar da ake magana a kai ta motocin da aka rubuta a matsayin masu wucewa ce. Irin wannan mota ba ta biyan cikakken fito a Benin, domin a takarda wata ƙasa za ta, sai kuɗin wucewa kawai. Farashin da ake ji a filayen motoci na hanyar Kwatano zuwa Seme farashin motar da ba a biya wa fiton Najeriya ba ne. Idan aka ɗora shi, arahar ta ragu.

Akwai kuma wani bambanci na gaske: dokar kasafin kuɗin Benin ta 2022 ta yi gagarumin rangwame a kan sababbin motoci, musamman masu lantarki da masu haɗa lantarki da fetur. Wannan rangwame na motar da za ta zauna a Benin ne, ba ya bin ta zuwa Kano.

Naira da sefa

Kuɗin sefa da Benin da Nijar ke amfani da shi a ɗaure yake da yuro tun 1999, a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya. Saboda haka farashin mota a sefa bai cika yin tsalle ba. Naira kuwa, tun da Babban Banki ya sake ta ga kasuwa a watan Yunin 2023, ta tashi daga wajen 460 a kan dala zuwa sama da 1,500 a farkon 2024.

Wannan ya doki mai saye ta fuska biyu. Kuɗin motar kanta ya ninka, fiton ma ya ninka, domin Kwastam da canjin ranar take lissafi. Dala 13,500 ɗin da ke cikin misalin sama naira miliyan 6.2 ce a kan canjin 460, amma a kan 1,500 ta haura miliyan 20. Ma'aikacin da ya yi shekaru yana adashe ko ya jira kuɗin sallama da nufin sayen Prado, ya tarar kuɗin sun koma na Highlander ko Camry.

Faɗuwar naira ta kuma juya akalar cinikin. A shekarun baya 'yan Najeriya ne ke tururuwa zuwa Kwatano da Maraɗi. Da sefa ta yi ƙarfi, sai aka ga masu saye daga Nijar da Kamaru da Chadi suna shigowa kasuwannin Najeriya suna kwasar motocin da aka hau a gida, abin da ya ƙara musu tsada a hannun 'yan ƙasa.

Dokar iyaka da rikicin Nijar

Daga 1 ga Janairun 2017 gwamnatin Muhammadu Buhari ta haramta shigo da motoci, sababbi da tsofaffi, ta iyakokin tudu. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin gaba ɗaya. An buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum a Disambar 2020, Jibiya da Kamba kuma a Afrilun 2022, amma buɗewar ba ta haɗa da ɗage haramcin motoci ba. Motar da aka shigo da ita ta daji, komai kyanta, kayan fasa-ƙwauri ce a idon doka.

Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar ya sake dagula hanyar. ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakoki. Bayan ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Najeriya da Nijar sun buɗe tasu a watan Maris, amma Nijar ta ci gaba da rufe gadar Gaya da Malanbil. Kayan Nijar da dama suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanya mai nisa da tsada da hatsari. A 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS. Arahar da aka san Maraɗi da ita a da, ba ta nan yadda take.

Garanti: Alkawarin da ke da iyaka

Garanti alkawari ne daga kamfani cewa zai gyara aibin ƙira kyauta cikin wani wa'adi na shekaru ko na tafiya, duk wanda ya riga cika. Wa'adin ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa. A Amurka, Toyota na bayar da shekara uku ko mil 36,000 a kan motar gaba ɗaya, da shekara biyar ko mil 60,000 a kan inji da giya. Lexus da Mercedes-Benz da BMW na bayar da shekara huɗu ko mil 50,000, wato kimanin kilomita 80,000. A Turai Kia na bayar da shekara bakwai ko kilomita 150,000. A kasuwannin Afirka da dama, shekara uku ko kilomita 100,000 shi ne ma'aunin da aka saba gani a kan Toyota.

Abin da ya fi tsawon wa'adi muhimmanci shi ne yankin da alkawarin ke aiki. Garantin motar da aka sayar a Amurka na Amurka ne da ƙasashen da littafin ya ambata, ba ya ƙetare teku. Sabuwar Land Cruiser da dillali ya sayo daga Dubai, da ledarta a kan kujeru, tana iya zama ba ta da garanti a Najeriya, domin wakilin nan ba shi ya shigo da ita ba. Ko tsakanin maƙwabta ma, kasancewar CFAO na aiki a Kwatano da Yamai da Legas bai isa hujja ba. Kowane reshe da sharuɗɗansa, don haka sai an gani a rubuce cewa wani reshe zai karɓi motar wani.

Garanti kuma yana da sharaɗi a kan mai mota. Wajibi ne a riƙa yin sabis a garejin da kamfani ya amince da shi, a kan lokaci, da man inji da kayan gyara na asali, a buga hatimi a littafi. Gurɓataccen mai da shiga ruwa da sauya wayoyi duk suna ɓata shi, kuma bai shafi taya da birki da sauran abubuwan da ke cinyewa ba. Ga mutumin Gaya, da ke da tafiyar fiye da kilomita 60 zuwa Kano ta Wudil, wannan na nufin ware yini guda ga kowane sabis. Wasu motocin Turai ma sai an dangana da Abuja ko Legas. Wanda ya san a ƙarshe wurin makanikensa na gida zai riƙa kai ta, ya sani ya biya kuɗin garantin da ba zai mora ba.

Tokumbo kuwa yawanci ba ta da garantin kamfani. Abin da dillali ke bayarwa na 'yan kwanaki ne a kan inji da giya, shi ma sau da yawa da baki. Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018 ta ba mai saye damar kai ƙara kan kayan da aka ɓoye aibinsu, kuma Jihar Kano na da tata hukumar kare haƙƙin masu saye. Sai dai ƙorafi ba ya tafiya sai da rasit da rubutacciyar yarjejeniya, kuma ikon waɗannan hukumomi bai kai ga dillalin da ke zaune a Kwatano ba.

Suna ɗaya, ciki daban

Kamfanoni na ƙera mota daidai da yanayi da dokar ƙasar da za a kai ta. Ƙirar ƙasashen Larabawa, wadda ake kira 'yar Dubai, an shirya ta don zafi da ƙura: na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfi da lagireto mai jure zafi. Ita ta fi dacewa da bazarar gabashin Kano, inda zafi kan haura digiri 40 a Afrilu. Ƙirar Amurka da Kanada ta fi yawan kayan more rayuwa da na kariya, amma wasu ba su da amfani a nan, kamar kujeru da sitiyari masu ɗumi. Wadda ta fito daga yankin dusar ƙanƙara kuma, gishirin da ake zubawa a tituna kan ci ƙarƙashinta da tsatsa.

Agogon tafiyar motar Amurka da mil yake ƙirga, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Motar da ta nuna 100,000 ta yi tafiyar kilomita 160,000 ke nan. Rediyonta ma yakan tsallake wasu tashoshin FM, domin zangon Amurka daban yake.

Injunan dizal na Turai na zamani suna da matatar hayaƙi da tankin ruwan AdBlue, kuma suna buƙatar mai maras yawan sinadarin salfa. Idan suka sha wanda bai kai ba, matatar kan toshe, motar ta rage gudu da kanta. Motocin Jamus masu fetur da yawa an ƙera su ne don fetur mai daraja ta sama, alhali mafi yawan gidajen mai a nan iri ɗaya suke sayarwa.

Akwai motocin da ba a sayar da su a wasu kasuwanni kwata-kwata. Toyota ba ya sayar da Hilux a Amurka, Tacoma yake sayarwa. Land Cruiser 300 da ta fito a 2021, wadda ta ajiye injin V8 ta koma V6 mai turbo biyu, ita ma ba a kai ta Amurka ba, Lexus LX 600 ce a madadinta. Duk dillalin da ya ce sabuwar Hilux ɗinsa ƙirar Amurka ce, maganarsa abar dubawa ce. Haruffan da ke bayan mota, irin su GXR da VXR, su ma ba hujja ba ne, domin a Ƙofar Ruwa ana sayar da su, kuma ana sauya wa tsohuwar mota fitilu da fuska ta koma kamar sabuwa.

Motar da ke da sitiyari a dama, irin ta Ingila da Japan, ba ta halatta a titunan Najeriya, wadda ta koma tuƙi a hannun dama tun Afrilun 1972. Wadda aka juya wa sitiyari a gareji takan zo da matsalar wayoyi da birki, kuma jakar iskar kariyarta ba abin dogaro ba ce.

Hanya ma tana da nata hukuncin. Titin Kano zuwa Wudil zuwa Gaya zuwa Dutse kowace mota za ta bi shi. Amma da an sauka zuwa ƙauyukan Gaya da Ajingi, sai burji da yashi, da damina kuma taɓo da zaizaya. A nan mota mai tsayi daga ƙasa da taya mai kauri ta fi ƙaramar Marsandi mai siririyar taya. Motocin da ke tsaye a kan jakar iska maimakon sifirin, kamar Range Rover, suna da daɗin hawa, amma ranar da jakar ta fashe, gyaran sai birni, da kuɗi masu kauri.

Lambar shasi da tarihin mota

Kowace mota na da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, a ƙasan gilashin gaba da jikin ƙofar direba. Harafin farko na nuna ƙasar ƙira: J Japan, W Jamus, K Koriya ta Kudu, 1 da 4 da 5 Amurka, 2 Kanada. A motocin kasuwar Amurka, na goma shi ke nuna shekarar ƙira. Da wannan lamba ana iya sayen rahoton tarihin mota ta intanet daga kamfanoni irin su Carfax, a ga ko ta yi hatsari, ko ambaliya ta cinye ta, ko an mayar da agogonta baya. Tokumbo da yawa daga gwanjon kamfanonin inshora irin su Copart suke fitowa, a gyara su bayan sun iso.

Batun sata ma ba almara ba ne. A Satumbar 2024 Hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka sato daga can aka gano su a Najeriya. Wanda aka samu irin wannan mota a hannunsa, ko da bai sani ba, ya yi asarar motar, sannan ya shiga neman dillali.

Takardun da ba a sayen mota sai da su

Takardar fito ita ce gaba da komai. Mai saye ya karɓi takardar bayyana kaya mai ɗauke da lambar Kwastam da rasit ɗin biya da takardar fita daga tasha, ya kai su ofishin Kwastam na shiyyar Kano da Jigawa da ke Bompai a tantance kafin ya biya. Ya tabbatar lambar shasi da shekarar da ke takarda su ne a jikin motar, domin akan rubuta ƙaramar shekara don a rage fito. Lambar Najeriya a jikin mota ba ta wanke ta. A Maris ɗin 2024 hukumar ta ba da wa'adin kwana 90 ga masu motocin da ba a biya wa fito daidai ba su je su gyara, amma irin wannan dama ba kullum take samuwa ba.

Motar da ke ɗauke da lambar Nijar ko Benin takan shigo ne da takardar izinin wucin-gadi ta baƙo. Sayenta a ci gaba da hawa bayan wa'adin ya ƙare laifi ne. Sai kuma inshora: mafi ƙanƙanta, wadda ta koma naira 15,000 daga Janairun 2023, ɓarnar da aka yi wa wani kawai take biya. Motar miliyoyi cikakkiyar inshora take buƙata, kuma kamfani zai nemi ingantattun takardu ranar biyan diyya.

Ma'aunin da ya dace a kwatanta farashi da shi, shi ne jimillar abin da mota za ta ci har ta tsaya a ƙofar gida da halastattun takardu, a haɗa da mai da kayan gyara da inshora na shekara uku masu zuwa, da kuma abin da za ta yi idan aka tashi sayarwa. A kasuwar Kano, Toyota da Lexus masu cikakken fito su suka fi riƙe daraja, saboda kayan gyaransu da makanikansu sun wadata. Motar da ba ta da takarda kuwa, ko an same ta da rabin kuɗi, mai ita ba ya iya nisa da ita cikin kwanciyar hankali, ba ya kuma iya sayar da ita sai da faɗuwa. Hausawa sun riga sun ce araha ba ta ado.